Wanda Ke Riƙe da Kyamarorin Gidanmu

Masu turo min saƙo kuna tambaya ko na ba Mai Kemis amsa: ban ba shi ba. Abin da ya faru ranar Asabar da Lahadi zan faɗa muku. Ba shawara nake nema ba.

Ga wanda yau ya fara karantawa: shekarata ashirin da takwas. Shekara bakwai na yi a waje ina karatun haɗa kwamfutoci. Wata takwas ke nan da dawowata, ina aiki a wani kamfani, ni ke kula da intanet ɗin bene huɗu. A gida daga ni sai Mama sai Baba. Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki kafin na dawo. Yana tafiya da sanda, maganarsa tana fita a hankali, amma kansa garau yake. Yayana yana aiki a wani gari. Mai Kemis shi ke kawo wa Baba magani, kuma wata shida ke nan yana nemana da aure. Mama "Dakta" take kiransa, ko da yake ya sha faɗa mata shi ba likita ba ne. Manyansa suna son zuwa ranar Juma'a. Bakina ake jira.

Ba ni da laifin da zan nuna a jikinsa. Yana zuwa a kan lokaci, yana tafiya a kan lokaci. Rigunansa daga fari sai ruwan toka, a goge, da biro biyu a aljihu. Kullum bakwai saura kwata saƙonsa yake shigowa: "Barka da safiya, Injiniya. Ya jikin Baba?" Ni kuma in rubuta: "Lafiya. Da sauƙi." Haka muke.

Gidanmu akwai kyamara huɗu. Ɗaya a ƙofar gida, ɗaya a tsakar gida, ɗaya a falo, ɗaya a lungun da ke zuwa ɗakin Baba. Farare ne, ƙanana, irin waɗanda ke aiki da intanet ɗin gida ana kallo a waya. Na tarar da su. An sa su mako uku kafin na dawo, bayan Baba ya faɗi a bakin famfo ya yi kusan awa ɗaya ba wanda ya sani.

Juma'ar da ta wuce da la'asar kamfanin intanet suka zo suka canza mana akwatin da ke ba gidan intanet, suka tafi da tsohon. Asabar da safe muna shan shayi wayar Mama ta yi ƙara.

"Dakta! Ina kwana... Lafiya lau, ga shi nan yana shan shayi... Sun mutu? Tun jiya? Duka huɗun? To bari in faɗa wa Baturiya, ai aikinta ne."

Baturiya ni ce. Tun ranar da na nemi a daina zuba min sukari ba a tambaye ni ba sunan ya zauna.

Na ajiye kofi. "Wa ya faɗa masa sun mutu?"

"Ya duba bai gani ba mana."

"Ya duba a ina?"

"A wayarsa. Ke ma dai."

"Mama, kyamarorin gidan nan suna wayarsa?"

"Ai shi ya kawo su, shi ya hau ya ɗaura. To idan bai gani ba wa zai gani? Ni da ba na iya buɗewa sai na sa gilashi?"

Zan faɗi nawa laifin. A wajen aiki, idan wani ya jona ko firinta ce ba da sanina ba, kafin azahar na gano shi. A gida ban taɓa tambaya ba. Na ɗauka Yaya ya sa su. Ban ma saukar da manhajar a wayata ba, domin yini guda nake kallon allo, ba na son in dawo gida in ci gaba. Wata takwas ina wucewa ƙarƙashin abubuwan nan kamar ƙwan fitila ne.

Na shiga ɗaki na sa tsohon wandon motsa jiki da doguwar riga, na ɗaura ɗankwali, na fito da tsani daga sito.

Matsalar a sauƙaƙe take. Kyamarorin sunan tsohon akwati suka sani, shi suke ta nema. Hanya mafi sauri ita ce a ba sabon akwatin sunan tsohon da kalmar sirrinsa. Sunan na tuna. Kalmar sirrin kuwa a gindin tsohon akwatin aka rubuta ta, tana can cikin motar kamfani.

"Mama, kin tuna ta?"

"Wani abu ne dai mai yawan bakwai."

Saura hanya ta biyu: a hau, a goge wa kowace kyamara ƙwaƙwalwa, a haɗa ta daga farko. Na fara da ta tsakar gida. Mama ta riƙe tsani. Baba yana zaune a kujerarsa ta roba ƙarƙashin rumfa, sanda a kan cinya, yana kallo kamar an kawo masa wasa gida.

Ramin da ake dannawa bai fi kan allura ba, kuma a bayan kyamarar yake, ta wajen bango. Wanda ya ƙera ta bai taɓa tsayawa a kan tsani ba. Mama ta zare fil daga mayafinta ta miƙo min. Na danna, na ƙirga goma. Wata murya ta mace ta yi magana da Turanci daga cikin kyamarar.

"Uwata, me ta ce?" in ji Baba.

"Ta ce ta manta komai."

"Allah sarki. Ita ma tsufa?"

Sai kyamarar ta ƙi ganin sabon akwatin. Akwatunan yanzu hanya biyu suke bayarwa, mai sauri da mai nisa, a haɗe da suna ɗaya. Kyamarar mai nisan kaɗai ta sani. Ba a rubuta wannan a kwali ba, ba a rubuta a manhaja ba, sai dai ta yi ta juyi ta ce a sake gwadawa. Na sauka, na shiga saitin akwatin na raba su, na sake hawa. Daga nan sai a nuna wa kyamara wani tambari mai ɗigo-ɗigo a fuskar waya. Rana ta haske gilashin. Na matso da wayar, na janye, na karkata. Ta ƙi kamawa.

"Ki sauko, Dakta ya ce zai zo da yamma."

"Riƙe tsanin, Mama."

Kyamarar ta yi ƙara ta amsa. Layin da ke cika ya tafi har kusan ƙarshe, sai ya tsaya. Rubutu ya fito: wannan na'ura tana ɗaure da wani akawun, a nemi mai shi ya sake ta. A ƙasa ga lambar waya an rufe ta da taurari, an bar uku na ƙarshe. Huɗu, ɗaya, bakwai.

Lambar da nake gani kullum bakwai saura kwata.

Wato ko ka goge mata ƙwaƙwalwa, ko ka cire ta daga bango ka riƙe a hannunka, a wajen kamfanin ba taka ba ce. Ta wanda ya fara haɗa ta ce. Don ɓarayi aka yi tsarin, na sani. Na sauko na karɓi wayar Mama na duba. A gefen sunanta an rubuta "baƙo". Tana iya kallo. Ba ta iya kashe makirfo, ba ta iya goge hoto, ba ta iya ganin su wa ke kallo. Yaya ma haka. A gidan da ta shekara talatin da biyar tana shara, Mama baƙuwa ce.

Na zauna a matakin tsani na ƙasa na kalli tsakar gidan yadda kyamarar ke ganinta. Igiyar shanya, inda nake shanya abin da ba na shanyawa a waje. Bakin famfo, inda nake wanke kai ranar Lahadi. Tabarmar da nake zama gaban Baba in yanke masa farce. Da kusurwar da waya ta fi kamawa, inda na tsaya wata huɗu da suka wuce na faɗa wa ƙawata cewa hira da Mai Kemis kamar karanta takardar cikin kwalin magani ce: komai gaskiya ne, komai a jere, ba wanda ke kaiwa ƙarshe.

Ban yi kuka ba, na faɗa don na san wasunku za su tambaya. Lissafin abin da ya kamata a ce na'urar tana yi na shiga yi, hali ne na aiki. Fitilarta shuɗiya ce kullum, ko ana kallo ko ba a kallo. Me zai hana ta koma ja idan wani ya buɗe? Me zai hana ta ajiye jerin wanda ya kalla, ƙarfe nawa, minti nawa, kowa a gidan ya gani? A sa mata murfi na roba da za a ja da yatsa. Kuma na'urar da ke turo wa Mama ƙararrawa sau talatin a rana don iska ta kaɗa zane a igiya, har Mama ta kashe ƙarar gaba ɗaya, ta koyi bambanta zane da tsohon da ya faɗi. Da ta iya wannan ɗaya, da ba a buƙaci idon kowa ba.

"Uwata," in ji Baba. "Fuskarki ta canza."

"Baba, ka san yana gani?"

"Na sani. Kullum da hantsi ina ɗaga masa hannu."

"Ba ka faɗa min ba."

"Na ɗauka ku masu ilimin abin kun fi mu sani."

Mama ta mayar da fil ɗinta a mayafi. "Wai mene ne abin ɓacin rai? Mutum ya yi mana alheri."

"An tambaye shi ya ba mu kalmar sirrin?"

"Haba! Mutum ya kawo miki abu da hannunsa, ya hau ya ɗaura, ya ƙi shan ko ruwa, sannan ki ce masa to fita daga ciki? Da wane bakin?"

"Da wanda aka ce masa an gode."

"Ji ta. Ke ba kya nan ranar da babanki ya zame daga kujerar nan. Ina kicin injin markaɗe yana ƙara, ban ji ba. Sau uku Dakta ya kira ni ban ɗauka ba. Ya rufe shago ya zo da gudu, takalminsa ɗaya a hannu. Kina ofis ranar. Yayanki yana garinsu. Wa ya gani?"

Wannan gaskiya ne. Na san ranar. An ce min ya zo ne kawai ya tarar. Ban tambayi yadda aka yi ya zo da ƙarfe goma sha ɗaya na safe ba.

"Mama, ina wanke kai a nan."

Ta kalli famfon, ta kalli kyamarar. Na ga ba ta taɓa haɗa biyun a ranta ba.

"Dakta ba irin wannan ba ne," ta ce, amma a hankali.

Kafin azahar ta kai wa Yaya rahoto. Saƙon muryarsa ya shigo, minti biyu da rabi, ana jin ƙarar motoci a bayansa.

"Ƙanwata, don Allah kada ki tayar da rigima a kan na'ura. Mutumin nan ya yi wa Baba abin da ni ban yi ba. Kuma ai aure za ku yi, me za ki ɓoye masa? Ki bari a wuce Juma'a, sai ku daidaita a tsakaninku."

Na rubuta masa: "Matarka ta san ana ganin falon nan idan kun zo hutu?"

Ya karanta. Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. Bai turo komai ba.

Mai Kemis ya zo ƙarfe huɗu daidai. Farar riga, hula ruwan toka, leda a hannu da sukundireba da tef a ciki. Na tare shi a ƙofar gida kafin Mama ta ji. Na riga na yi wanka na sa baƙar abaya da mayafi ruwan ƙasa, ban shafa komai ba. Muka tsaya ƙarƙashin kyamarar ƙofa, wadda fitilarta ke ƙiftawa tana neman akwatin da ya tafi.

"Injiniya. Na ji kin hau tsani."

"Ji ka yi? Da sauƙi."

Murmushin ya tsaya a rabi. Ya mayar da ledar ɗaya hannun.

"Sau nawa kake dubawa a rana?" na ce.

"Ya danganta."

"Kai mai ƙirga ƙwayoyi ne. Ba ni lamba."

"Shida. Bakwai. Ranar da jikinsa bai yi daɗi ba, ya fi haka."

"Da murya?"

"Idan ba a kunna murya ba, ba za a ji in ya kira ba."

"Ranar da na dawo fa?"

Ya kalli ƙasa. Wata mota ta wuce, muka matsa jikin bango.

"Akwati uku," ya ce. "Ɗaya tayarsa ta karye. Kika ja shi a ƙasa, kika hana kowa ya taɓa."

"Bayan wata biyu aka gabatar da kai a falo. Ka ce ka ji labarina."

"Na ji."

"Me ya sa ba ka faɗa min ba?"

"Da farko na ɗauka kin sani. Kowa a gidan ya sani. Daga baya na gane ba ki sani ba."

"Yaushe?"

"Ranar takardar cikin kwalin magani."

Ban sunkuyar da kai ba. Shi ya kamata ya sunkuyar.

"Na rufe wayar," ya ce. "Kwana biyu ban duba ba. Sai na tuna Baba."

"Baba ka tuna."

"Baba na tuna." Ya gyara biro ɗaya a aljihunsa, wanda ba abin da ya same shi. "Ba Baba kaɗai ba. Ba zan yi miki ƙarya ba. Amma wallahi duk lokacin da na ga ba ki shirya ba, rufewa nake."

"Kafin ka rufe ai ka gani."

Bai musa ba. Wannan na ba shi.

"Injiniya, ni a falo kalma biyar kike ba ni. Ina ƙirgawa. Amma Injiniyar da ke tsakar gida tana dariya. Tana yanke wa Baba farce tana ba shi labarin wani malaminta mai zuwa aji da keke. Tana yi masa ƙaryar likita ya hana shayi na uku. Ita na zo nema."

"Ita ba a tambaye ta ba."

Ya gyaɗa kai. Daga cikin gida Mama ta ɗaga murya: "Baturiya, Dakta ne? Ki bar shi a tsaye a titi?"

"Muna zuwa, Mama."

Na miƙa hannu. "Ina son akawun ɗin. Ba baƙuwa ba. Duka."

"Wa zai riƙa duba shi da hantsi?"

"Ni."

"Kina aiki."

"Kai ma kana aiki."

"Ni shago ne. Ido ɗaya a kanta, ɗaya a waya. Ke idan kin shiga ɗakin injinanku awa biyu ba a samun ki."

"Wannan matsalarmu ce. Zan warware."

"Idan na ba ki, amsar Juma'a ke nan?"

"Idan ka hana ni, ita ce amsar."

Ya ajiye ledar a ƙasa. Ya fito da wayarsa, ya buɗe, ya shiga saiti. Ban nuna masa inda zai danna ba, ya sani. Ya goge lambarsa ya ce in faɗi tawa, ko da yake ya haddace ta. Saƙo ya shigo wayarsa da lamba shida, ya rubuta. Wani ya shigo tawa, na karanta masa. Manhajar ta yi juyi ta fitar da shi waje. Ya tsaya yana kallon shafin shiga, wurin suna fayau.

Na shiga a tawa, na canza kalmar sirri a gabansa. Taga shida suka bayyana. Huɗu baƙaƙe, namu da suka mutu. Biyu da haske. A ƙarƙashin ɗaya an rubuta "Kanta", ɗayar "Sito".

"Waɗannan fa?"

"Na shagona ne. Duk a akawun ɗaya na haɗa su, ban san za a zo nan ba." Ya ɗauki ledarsa. "Ki danna cirewa a kan kowace, sai su saku. Ni kuma in buɗe sabo in haɗa. Minti biyu ne. Kafin ki cire dai ba zan iya ganin shagona ba."

"Zan cire."

"To."

Ya shiga ya gaida Baba, ya duba masa hawan jini kamar kullum, ya rubuta a ƙaramin littafin da ke kan talabijin. Mama ta kawo masa ruwa, yau ya sha. Ta yi ta kallon fuskata tana kallon tasa. Bai kai minti ashirin ba ya tafi.

Lahadi, bakwai saura kwata: "Barka da safiya, Injiniya. Ya jikin Baba? Yau da gaske nake tambaya."

Na rubuta: "Ya yi barci sosai. Ya ci abinci. Yana tsakar gida." Na tura kafin na lura ta wuce kalma biyar.

Safiyar a kan tsani na yi ta. Kyamarar ƙofa na bar ta yadda take. Ta falo na kwance ta gaba ɗaya, na sa a kwali, ramuka biyu suka rage a bango. Ta tsakar gida na karkatar da ita ta kalli kujerar Baba da hanyar banɗaki, na ja baƙin tabo a manhajar ya rufe famfo da igiyar shanya, na kashe makirfo. Daga baya na tuna abin da ya ce game da kira, na sake kunnawa. Agogon kowaccensu ya koma wata shekara da ba a haife su ba, na gyara. Katin ajiyar ta lungu ya cika tun watanni, ta daina ɗauka, ba ta faɗa wa kowa ba. Na mayar da Mama da Yaya cikin akawun ɗin. Na saita ƙararrawa a wayata daga tara zuwa ɗaya. Cikin awa guda ta kira ni sau goma sha huɗu: kyanwa sau biyu, inuwar rumfa sau goma sha ɗaya, Baba sau ɗaya, yana ɗaga hannu.

"Wa nake gaisarwa yanzu?" ya ce da na sauko.

"Ni."

"To ke ai ina ganin ki."

Bayan azahar na shiga ɗaki na zauna a bakin gado don in cire kyamarorin shagonsa biyun nan. Danna ɗigo uku, danna cirewa, danna na tabbata. Na san hanyar. Yatsana ya sauka a tsakiyar tagar maimakon kusurwarta. Ba zan ce kuskure ba ne.

Kyamarar a saman kantocin magani take, tana kallon ƙasa. Ya cire hula ya ajiye a gefen kwamfuta. Gashin tsakiyar kansa ya fara tafiya, ban taɓa sani ba. Takalmansa suna ƙarƙashin kanta, yana tsaye da safa. Wata tsohuwa ta shigo da leda, ta juye masa ƙwayoyi a gauraye, farare da jajaye da rawaya, duk an ɓare su daga mazubinsu. Ya zuba a faranti ya shiga warewa da bayan biro, ɗaya bayan ɗaya. Ya sa a ƙananan ambulan uku. Bai rubuta komai ba. A kan ɗaya ya zana rana, a kan ɗaya wata, a kan ta ukun cokali. Ya sa ta maimaita masa, ta yi kuskure, ya sake daga farko. Sau uku.

Ban kunna murya ba. Ina son ku san wannan.

A minti na tara na kunna.

Tsohuwar ta tafi. Yana goge farantin yana rera wani abu a maƙogwaro, muryar ba daɗi ko kaɗan. Ya buɗe kula ya ci loma huɗu a tsaye. Ya ɗauki waya, babban yatsansa ya tafi wani wuri da kansa, ya tsaya a sama. Ya kifa wayar a kan kanta. Ya ɗan jima hannunsa a kanta. Bai ɗaga kai ya kalli kyamarar ba ko sau ɗaya. Ba abin da zai faɗa masa ina nan.

Mama ta turo ƙofa ba sallama, da kwandon kayan guga a kunkuminta.

"Baffan Dakta ya sake kiran babanki. Juma'ar dai. Me za a ce musu?"

Na rage murya. "A ce su dakata."

"Har yaushe?"

"Ban sani ba."

"Saboda kyamara."

"Saboda wata takwas ana kallo na ba a tambaye ni ba."

Ta ajiye kwandon a kan kujera. Na ɗauka za ta yi faɗa. Ta ɗauko rigata ta aiki ta shiga ninkewa.

"Ni ma yau ban iya cire ɗankwali a falo ba," ta ce. "Ga shi kin cire abin, amma na kasa." Ta ɗora rigar a gado. "Shi ke nan. Zan faɗa wa babanki. Amma ki saki wa bawan Allah nasa, ya ce min sitonsa ba ido tun jiya."

"Zan saki."

"Me kike kallo haka tun ɗazu?"

Na kifa wayar a cinyata.

"Aiki ne."

Yau Laraba. Ban saki ba.